Tarkacen Jirgin Yaƙi: Gwangwan ne ko Amana?

Masu iya magana kan ce, waiwaye adon tafiya. Tambayar da wannan maƙala ke son tattaunawa ita ce: idan jirgin saman yaƙi ya faɗi a daji, shekaru suka shuɗe, mene ne haƙƙin tarkacensa a kan wanda ya tsince shi?

Ƙasar Hausa ba baƙuwar wannan lamari ba ce. Tun daga watan Satumba na 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Turawan Ingila suka riƙa harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi ta ƙasar Gana, suna tuƙo su ta Ikko da Kano da Maiduguri, su ratsa Chadi da Sudan har Masar. Dubban jirage suka bi wannan hanya, wasu kuwa hazo ko lalacewar inji ya kayar da su kafin su isa. A zamaninmu ma, jirgin sojan saman Nijeriya ƙirar Alpha Jet ya ɓace a Jihar Borno ranar 31 ga Maris, 2021, da matuƙa biyu a ciki, sai a Maris na 2022 sojoji suka gano tarkacensa a dajin Sambisa.

Hujjar mai tsintuwa ba abar rainawa ba ce. Talaka ne, ƙarfen kuwa yana kwance yana cin tsatsa, ga ɗan gwangwan da sikeli, ga maƙeri da zai narka shi ya ƙera tukunya. Yaƙin ma ba da shawararsa aka yi ba. Don me zai zama mai gadin tarihin da bai ci moriyarsa ba?

Sai dai ƙarfen jirgi yana ɗauke da shaida. Akwai lambobi da ake bugawa a jikin inji da ƙananan farantai, waɗanda mai bincike ke gwadawa da kundayen rundunar soja, ya gano ranar da jirgin ya tashi da sunayen mutanen da ke ciki. Jirgin Amurka mai suna Lady Be Good ya ɓace a Afrilun 1943 da mutum tara. An hango shi a hamadar Libiya a 1958, a 1960 kuma aka samo gawarwakin takwas daga cikinsu, iyalansu suka san makomarsu. Da an narkar da shi tun farko, da zancen ya mutu.

Mutanen Kudancin Kaduna sun san irin wannan darasi. Kan mutum-mutumin yumɓu da aka tono a yankin Jama'a, kusa da Kafanchan, an ce sai da ya yi aikin korar tsuntsaye a gonar doya kafin ya kai hannun Bernard Fagg, wanda ya danganta shi da al'adar Nok. Rashin sani ne ya mayar da shi abin banza.

Saboda haka, ra'ayina shi ne amanar ta rataya a wuya biyu. Mai tsintuwa ya sanar da mai unguwa ko dagaci, ya kuma nisanci taɓa tarkacen, domin harsashi ko bam da bai tashi ba yakan yi kisa bayan shekaru. Hukuma kuwa ta rubuta lambobin, ta ɗauki hoto, ta saurari dattawan da suka shaida faɗuwar, sannan ta saka wa wanda ya kai rahoto. Muddin ɗan gwangwan ne kaɗai ke biyan kuɗi, to wurinsa tarkacen zai ci gaba da tafiya, iyalan matuƙan kuwa su ci gaba da jira.