Tsakanin Sabo da Sabo

A Turai da Amurka akwai wata irin mota da ake zama cikinta kamar gida: gado, murhun gas, firiji, tankin ruwa, har da ɗan makewayi. Faransawa na ce mata camping-car, kalmar da suka ƙera da kayan Ingilishi alhali masu Ingilishin ba haka suke kiranta ba. Ni zan ce mata motar kwana. Da yawa daga masu ita a Faransa tsofaffi ne da suka yi ritaya, in sanyi ya shigo su gangara Sifen ko Maroko.

Mu ƙaddara wasu mata da miji suna da irinta tun shekarun 1990, a kan Fiat Ducato, wadda galibin motocin kwana na Turai a kanta ake gina su. Sun je baje koli sun ga sabuwa: allon taɓawa mai kunna fitila da ɗumama ɗaki, kyamarar baya, faifan sola a rufi. Kuɗin saye suna da shi. To, su canza ko su haƙura?

Na san wani zai ce, mu da ke jiran kuɗin burs muna ciniki da ɗan kabu-kabu, ina ruwanmu da damuwar mai ƙoshi? Ka yi haƙuri ka biyo ni, maganar za ta iso ƙofarmu.

Hausa ta riga ta ajiye gardamar cikin kalma guda. Muna rubuta sabo, abin da bai tsufa ba, muna kuma rubuta sabo, shaƙuwa da abin da aka daɗe tare da shi. A takarda ba su da bambanci, karin sauti ne kaɗai ya raba su a baki. Tsofaffin nan tsakanin biyun suke tsaye.

Abin da ake sayar wa mai motar kwana shi ne ƴanci: ka tashi sadda ka so, ka kwana inda dare ya same ka. Da wannan ma'aunin ya kamata a auna sabuwar. Tsohuwar mai gazuwal, maigidan ya san kukanta. In bel ya tsinke ko fis ya ƙone, shi da sifana sun isa, in kuma ta fi ƙarfinsa, kowane garejin ƙauye a Maroko zai taɓa ta. Sabuwar kuwa, don ta cika ƙa'idar hayaƙi ta Euro 6, tana shan wani ruwa mai suna AdBlue, wanda in ya ƙare kwamfutar motar ba za ta yarda injin ya sake tashi ba. In fitilar gargaɗi ta kama, kunne bai gane ciwon, sai an jona na'urar bincike. Ga kuma nauyi: permi na ƙananan motoci a Turai ya tsaya ga kilo 3,500, don haka duk wani kayan jin daɗi da aka ƙara, daga rabon ruwa da guzuri aka yanko shi. A 1973 Ivan Illich ya rarrabe tsakanin kayan aikin da ke ƙara wa mutum iko da wanda ke mai da shi mabuƙacin ƙwararru. Motar da ba ta yin nisa da garejin kamfaninta, ƴancinta da igiya a ƙafa.

Da nan maganar ta tsaya, da an huta. Amma Bahaushe ya ce sabo turken wawa, kuma ban ga dalilin da zai sa karin maganar ya ƙyale Bature ba. Volkswagen Kombi, wadda masu yawon duniya suke ji da ita tun shekarun 1950, an daina ƙera ta a Brazil a ƙarshen 2013 saboda doka ta wajabta jakar iska da birkin ABS, ita kuwa ba ta iya ɗaukarsu. Kyanta bai taɓa tsare ƙirjin direba ba ranar karo. Hayaƙin tsohon gazuwal kuma, ba mai motar ke shaƙarsa ba, na bayansa ne, shi ya sa Faris da wasu biranen Faransa suka riƙa taƙaita shigar tsofaffin motoci ta hanyar tambarin Crit'Air. Sannan a tambayi uwargida. Sau da yawa mai alfahari da gyara da hannunsa ba shi ne ke naɗe gado kowace safiya kafin a samu wurin shan shayi ba. Gwiwar ɗan shekara 70 ma tana da ƙuri'a a shawarar.

Ni inda na tsaya, rikitarwa ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda ke kare ran wani, kamar birki da matatar hayaƙi, wannan haƙƙi ce, ko da ta rage wa mai mota sakewa. Akwai kuma wadda ba ta kare kowa: allon da ya maye gurbin maɓallin fitila, wanda in ya mutu fitila da famfo da ɗumama duk su mutu tare. Mafi muni ita ce ta uku, wadda aka kulle da gangan don kada wani ya gyara sai kamfani. Wannan ba ƙaddarar fasaha ba ce, shawarar kasuwanci ce. Shaida kuwa, a 2012 mutanen jihar Masacuset ta Amurka sun kaɗa ƙuri'ar tilasta wa kamfanoni su ba ƙananan gareji bayanan gyara. Abin da ƙuri'a ta iya buɗewa, mutum ne ya rufe shi.

Da tsofaffin nan za su nemi shawarata, tambaya ɗaya zan yi musu: me tsohuwar ta kasa yi muku? In sun iya faɗa tun kafin su je baje kolin, kamar an hana ta shiga garin da jikokinsu suke, ko hawa gadon sama ya gagara, to su canza, su zaɓi mafi sauƙin ciki. In kuwa a filin baje kolin aka haifi buƙatar, bayan sun zauna kan sabuwar kujera, wallahi ban yarda buƙatarsu ce ba. Ta mai talla ce suka ara.

Yanzu ga ƙofarmu. Abin da Turai ta gaji da shi ba ɓacewa yake ba. A da, masu ratsa Sahara kan kawo tsofaffin Peugeot 504 ta Tamanrasset da Arlit su sayar a Agadez ko Yamai, makanikanmu suka san su ciki da bai. Daga baya hanya ta koma tashar jiragen ruwan Kwatano. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 da Turai da Amurka da Japan suka fitar daga 2015 zuwa 2018, kuma Afirka ta fi kowace nahiya karɓa. Motar kwana kanta ba ta cika zuwa nan ba, amma injin da ke cikinta shi ne a motocin kaya da na fasinja, da kwamfutarsa da makullinsa. Wanda aka saya sabo bana a Liyon, nan da shekara goma sha wani abu yana iya tsayawa a wani gareji a Maraɗi, fitilar gargaɗi a kunne. Yaron da maigidansa zai ce ya duba shi ya iya kwance giya da idonsa a rufe, amma lambar ciwon a allon na'ura za ta fito, da bayaninta cikin Ingilishi.