Ana Muzuru Ana Shaho: Tsakanin Tawakkali da Sakaci

Daga cikin karin maganar da kakanninmu suka bar mana gado, babu wadda ta fi saurin zuwa bakin mai kiwon kaji, ranar da ya wayi gari ya tarar da gashi warwatse a bakin akurki, kamar wadda ake cewa zakaran da Allah Ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Kwanan baya na ji ta daga bakin wani maƙwabcina, dattijo mai yawan ibada, wanda tunku ya yi wa ɓarna dare uku a jere. Da na ce masa, "Baba, da an toshe ramin nan na gindin danga, an sa wa akurkin murfi," sai ya amsa mini da wannan karin magana, ya ƙara da cewa abin da aka rubuta ba ya kankaruwa. Na yi shiru don girmansa, amma maganar ta kwana a raina, domin gaskiya ce tsantsa, kuma duk da haka na ji an ajiye ta inda ba muhallinta ba.

Wanda ya taɓa kiwo ya sani maƙiyan kaza kashi-kashi ne, kowanne da ƙofarsa da lokacinsa. Shirwa da shaho da rana suke zuwa, ta sama, su sure ɗan tsako kafin uwar ta gama kururuwa, shi ya sa aka ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa. Muzuru dare yake jira, ya hau katanga ya dira. Gafiya ta ƙarƙashin ƙasa take tonowa. Maciji kuwa ramin da za a raina ya ishe shi ya sulala ya haɗiye ƙwai. Kowace ƙofa kuma akwai marufinta. Iyayenmu mata kan kife 'yan tsaki da kwando, su gina akurki na yumɓu, su toshe bakinsa da dutse in rana ta faɗi. Mutanen yanzu kan kewaye wurin da ragar waya mai ƙananan idanu, su rufe samansa, su binne gindin ragar kamar kamu guda cikin ƙasa saboda masu tono, su sa wa ƙofa sakata, su share tsaki da dusar da suka zube, domin abincin da ya kwana a ƙasa shi ke kiran ɓera, ɓera kuma shi ke kiran maciji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, mas'alar ita ce, shin wanda ya tsaya ya yi duk wannan ɗawainiya ya rage wani abu daga dogaronsa ga Ubangiji?

Wannan tambaya an riga mu yin ta, an kuma amsa ta tun zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Imam Tirmizi ya ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa wani mutum ya tambaya ko ya ɗaure taguwarsa ya yi tawakkali, ko kuwa ya sake ta ya yi tawakkali, sai aka umurce shi ya ɗaure ta kana ya dogara. Shi kansa Shugaban masu tawakkali sulke biyu ya sa ranar Uhudu, a shekara ta 3 bayan Hijira, a shekara ta 5 kuma ya karɓi shawarar Salmanu Farisi aka haƙa gwalalo don tsare Madina, yana ɗaukar ƙasa tare da sahabbansa. A cikin Suratul Kahfi an ba mu labarin Zulƙarnaini, wanda ya gina shamaki da ƙarfe da narkakkiyar tagulla, da ya gama kuma ya jingina aikin ga rahamar Ubangijinsa. Ko a nan ƙasarmu, malamai da waliyyai nawa suka rayu cikin badalar Kano, wadda aka fara gininta zamanin Sarki Gijimasu, ana rufe ƙofofinta da dare, ba a kuwa taɓa ƙirga wannan cikin raunin imani ba?

Amma hujjar da ta fi dacewa da maganar maƙwabcina ita ce ta Sayyidina Umar, lokacin da ya nufi ƙasar Sham, ya isa Sargu, aka gaya masa annoba ta faɗa wa ƙasar, ya yi shawara da sahabbai, ya yanke a koma. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah ake yi, Umar ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ga ƙaddarar Allah, ya kuma buga masa misali da makiyayin da ya sauka wani kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, wanda duk gefen da ya kai raƙumansa da ƙaddara ya kai su. Idan muka auna karin maganarmu da wannan ma'auni, sai mu ga ta ambaci ƙarshen zakara, ba ta ambaci hanyar da zai bi ya kai can ba. Mai kaji bai san wanne ne cikin 'yan tsakinsa aka nufa da cara ba, tun da ba a nuna masa Lauhul Mahfuzu ba, abin da aka nuna masa shi ne rami a gindin danga. Kuma me zai hana ya zama dutsen da zai toshe ramin da shi, shi ne sababin da aka rubuta tun azal cewa da shi zakaran zai kai ga asuba? Wanda ya ƙi ɗaukar dutsen da hujjar ƙaddara, haƙiƙa ya yi da'awar sanin gaibu bai sani ba.

Sai dai kogin yana da gaɓa biyu, kuma ana nutsewa ta kowacce. Akwai wanda in ya kafa raga ya danna kwado, sai zuciyarsa ta rataya ga ƙarfe, ya manta da Wanda Ya halicci ƙarfen. Malaman tauhidi sun karantar da mu cewa sababi ba ya tasiri da kansa, Allah ne ke halitta sakamako a yayin da aka riƙi sababi, bisa al'adar da Ya gudanar. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya yi bayani cikin Ihya'u cewa kulle ƙofa da dabaibaye raƙumi ba su warware tawakkali, muddin zuciya ba ga kullen ta dogara ba. Alamar wanda ya gane wannan ita ce, in ya yi iyakar ƙoƙarinsa amma ciwo ya shigo ya share kajin, ko ɓarawo ya haura, zai yi istirja'i da zuciya natsattsiya, kuma a nan ne karin maganar zakara ke da muhalli, watau bayan an gama aiki, a matsayin ta'aziyya.

Akwai kuma wata fuska wadda ta fi nauyi a wurina, ita ce ta amana. Kazar da aka saki tana da dabarunta, takan hau bishiya ta kwana, ta shige ƙarƙashin rumbu in ta ga inuwar shirwa. Ranar da ka killace ta, ka karɓe mata waɗannan dabaru, saboda haka tsaronta ya koma wuyanka, kuma keji mai ɓula tarko ne da ka haɗa wa muzuru da hannunka. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. In haƙƙin kyanwa ya kai haka, ina ga kazar da muke cin ƙwanta, wadda kuma sau da yawa ita ce jarin tsohuwa da kuɗin littafin yaro? Shi ma muzurun ba don ƙeta ya zo ba, arzikinsa yake nema kamar kowace dabba da ke tafiya a bayan ƙasa. Kuma ko da yake shari'a ta halatta kashe masu cuta irin su shirwa da ɓera, shingen kirki ya fi guba alheri, domin guba ba ta bambanta ɓarawon kaji da kyanwar maƙwabci ko angulu.

A hadisin Jabir an yi umurni in dare ya shiga a rufe ƙofofi, a rufe ƙorai, a kashe fitilu, a kuma ambaci sunan Allah, aka haɗa aikin hannu da na zuciya cikin umurni guda. Da wannan hadisi na koma wa dattijon, na karanta masa shi cikin ladabi, ya yi shiru jim kaɗan, kana ya kira jikansa ya kwaɓo ƙasa. Tun daga ranar, in an kira magariba nakan ji shi ta bayan danga yana ƙirga kajinsa, ya jawo dutse ya toshe akurki da bisimilla, sannan ya ɗauki buta ya nufi masallaci.