Gwajin Jini Kafin Aure: Riƙon Sababi da Kiyaye Amana

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata gare Shi da Ya ɗora amanar zuriya a wuyan iyaye. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, likitoci sun tabbatar cewa idan mai jinin AS ya auri mai AS, to a kowane ciki akwai yiwuwar kashi 25 cikin 100 a haifi ɗa mai SS, wato mai sikila. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da wannan larura. Duk wanda ya taɓa kwana a gefen gadon yaro yana murƙususu saboda ciwon ƙashi, ana fafutukar neman ledar jini da tsakar dare, ya san nauyin maganar. Shi ya sa Saudiyya ta wajabta gwajin kafin aure a 2004, Jihar Kano ma ta kafa irin wannan doka a 2024.

Wasu na cewa gwajin jayayya ce da ƙaddara. Amsarsu tana cikin abin da Sayyidina Umar ya yi lokacin da ya ji labarin annoba a Sham yana kan hanyar zuwa can. Ya juya da jama'arsa, kuma da Abu Ubaida ya tuhume shi da gudun ƙaddara, sai ya nuna masa cewa komawar ma tana cikin ƙaddarar Allah. Kiyaye zuriya kuwa yana cikin lalurori biyar da malamai irin su Gazali da Shaɗibi suka ce shari'a ta zo don karewa.

Sai dai inda gizo ke saƙar shi ne lokacin gwajin da kuma sirrinsa. Mutanenmu kan jinkirta shi har sai an kai lefe, an sa rana, zukata sun shaƙu. A nan ne wasu ke sayen takardar bogi, wanda ha'inci ne ga abokin zama da ɗan da ba a haifa ba. In kuma aka fasa auren, sai zance ya karaɗe unguwa cewa yarinya "tana da ciwo", manema su janye, shi kuwa saurayin ya nemi wata ba tsangwama. Alhali mai AS lafiyayye ne, jininsa ma yana ba shi kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, kuma in ya auri mai AA ba za su haifi mai SS ba.

Saboda haka ya kamata kowa ya san jininsa tun kafin a kai kuɗin gaisuwa. Likita da waliyyi su riƙe sakamakon a matsayin amana, a yi wa masoya bayani filla-filla ba tare da tsoratarwa ba. Masu sikila da ke cikinmu kuma bayin Allah ne masu cikakken mutunci, suna da haƙƙin kulawa da haƙƙin aure. Haramun ne a mayar da gwajin hanyar goranta musu ko iyayensu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya azurta mu da zuriya ɗayyiba. Allah ne Mafi sani.