Noma Ba Tare Da Ƙasa Ba: Shin Ya Saɓa Wa Tawakkali?



Wasu sun tambaye ni game da noman kayan lambu a cikin ruwa, ba tare da ƙasa ba. Har wani ya ce wai wannan shisshigi ne ga ikon Allah. Subhanallah! Ai ƙasa sababi ce kawai, Mai tsirarwa Allah ne. Ku duba Suratul Anbiya, aya ta 30, za ku ga Ya jingina rayuwar kowane mai rai ga ruwa.

Yadda abin yake: tsiro abinci yake nema a ƙasa. Idan aka narkar da takin da ya dace a ruwa, aka kafa saiwar a buntun shinkafa da aka babbaka, cikin bokiti ko bututun roba, alayyafo da latas da tumatir za su yi. Ruwan ma kaɗan yake ci. Kuma buntu ai a ƙasar Haɗeja zubar da shi muke yi.

Mu mutanen Kafin Hausa ba mu manta ambaliyar 2022 ba, yadda ruwa ya shanye gonaki, kachala kuma ta toshe hanyoyin kogi. Bayan ruwa sai yunwa, bayan yunwa sai tamowa a jikin yara. Lambun da ke kan benci a tsakar gida, uwar marayu za ta iya kula da shi, ta sa ganye a miya, ta sayar da ragowa. 'Yan'uwanmu Sahrawi a sansanonin Tinduf na Aljeriya, cikin hamada, da wannan dabara suke tsirar da sha'ir cikin mako guda su ciyar da awakinsu.

Amma fa wannan ba zai maye gurbin gero da shinkafa ba, kuma yana son ilimi. Kada ka sayar da akuya ka tura wa wani kuɗi a Facebook. Fara da bokiti biyu, ka tambayi malaman gona. Ɗalibanmu na Jami'ar Sule Lamido, ku koya ku koyar da iyayenmu mata. Masu hali, ga ƙofar sadaka.

Ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Anas, Allah Ya yarda da shi, cewa shukar Musulmi, ko tsuntsu ne ya ci, lada ce gare shi. To ina ga yaron maƙwabcinka?

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu daga ambaliya. Amin.