Ko Magani Mallakar Mai Sayensa Ne?

A kasuwannin Anka da Gummi da Bukkuyum mutum ya kan tsaya wurin mai tallar magani, ya sayi kafso biyu ko uku ya haɗiye, da ya ji sauƙi shi ke nan. In an yi masa magana sai ya ce, "Kuɗina ne, jikina ne, ina ruwan wani?" To, ko gaskiya ya faɗa?

Amsar tana cikin halin maganin. Na farkon irinsa da ya shahara, watau penisilin, Alexander Fleming ne ya gano shi a Landan cikin 1928. Aikinsa kashe waɗansu ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani. In an sha shi ba bisa ƙa'ida ba, raunanan ƙwayoyin su kan mutu, masu taurin kai su saura, su hayayyafa. Waɗannan kuwa ba su tsayawa a jikin mutum guda. Su kan bi hannu da ruwan sha da kwanon abinci, su kama maƙwabci wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Fleming da kansa ya yi kashedi cikin 1945. Masana sun ƙiyasta cewa cikin 2019 kaɗai ƙwayoyin da suka daina jin magani sun kashe mutum wajen 1,270,000 a duniya.

Ashe kafson kaɗai mutum ya saya, ƙarfinsa na jama'a ne, kamar rijiyar gari. Kowa yana da ikon jefa guga, amma ba mai ikon ɓata ruwan. Makiyayin da ke yi wa saniya allura da ka, sa'an nan ya sayar da nononta a ranar, da mai kemis da ke ba da kafso don mura, alhali ba ya yi mata kome, duk sun taɓa amanar jama'a.

Mutanen Zamfara sun san ranar bukata. Sanƙarau na 2017 a jiharsu ya fi tsanani, da irin wannan magani kuwa aka yi ta ceton yara. Da ya riga ya dushe, ina za a nufa?

Lalle talauci hanzari ne mai ƙarfi, don wani ba shi da kuɗin cikakken magani, ga asibiti da nisa. Wannan nauyin hukuma ne da masu hali. Amma abu uku ba su fi ƙarfin kowa ba: mutum ya tambayi ma'aikacin asibiti kafin ya saya, ya sha yadda aka ce masa, kada kuma ya ba wani ragowar nasa. Wanda ya kiyaye waɗannan ya fita hakkin maƙwabcinsa da na jikokinsa.