Hoton Zaki Cikin Keji

Wata ranar Asabar na kai yaran ajinmu gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, wanda aka kafa a 1959, domin su ga namun dajin da ake ajiyewa a can. Da muka isa wurin zaki, sai muka tarar da shi kwance a inuwa, ya ba mu baya. Yara suka ce, "Malam, a ɗauko mana hotonsa yana ruri." Na fito da wayata, na yi tafi, na yi fito, bai motsa ba. Sai na ga wani yaro ya sunkuya ya ɗauki tsakuwa. Na riƙe hannunsa, amma kunya ta kama ni, gama ni ne na fara nuna masa hanya.

Tun daga ranar nake tambayar kaina: ko daidai ne mutum ya ta da hankalin dabba saboda hoto?

Bari mu fara da halin zaki. Yakan yi kusan awa 20 a kwana ɗaya yana hutawa, sai da magariba, da dare, da asuba yake kai da kawowa. Saboda haka zakin da ka samu yana barci da tsakar rana ba rago ba ne, yana bin halin da Mahalicci ya ba shi ne. Idan ka jefe shi har ya buɗe baki, abin da ka ɗauka a hoto ɓacin ransa ne, kai ne kuma ka jawo shi. Ka koma gida kana nuna wa mutane "manyan dawa", alhali kuwa ka tsokani wanda ba shi da wurin gudu.

Akwai wata dabara ta masu ɗaukar hoto. Sukan matso da kyamara dab da ragar ƙarfe, sai ragar ta ɓace, zaki ko damisa su fito kamar suna cikin daji. Dabarar ba laifi ba ce, in dai mai hoton ya faɗi inda ya ɗauka. In ya ɓoye, ya zama mai shaidar zur, gama mai kallo zai zaci daji cike yake da zakoki. Wani bincike da aka buga a 2014 ya nuna kusan zaki 400 kaɗai suka rage a dazukan Afirka ta Yamma, yawancinsu a gandun dajin W da na Arly da na Pendjari, inda Nijar da Burkina Faso da Benin suka haɗu.

Wani zai ce, "Ai dabba ce, mene ne tsakuwa ɗaya?" Amma ka tuna ba kai kaɗai ke zuwa ba. In kowane baƙo ya jefa ɗaya, nawa ke nan kafin rana ta faɗi? Ban da haka, yaron da ya koyi wulaƙanta wanda aka kulle, gobe ba zai ji nauyin wulaƙanta almajiri ko ɗan aikin gida ba. Iko a kan halitta amana ce, za a kuwa tambaye mu a kanta.

Ba na cewa a daina ɗaukar hoto. Yaro da yawa ba zai taɓa ganin zaki ba sai a irin wannan wuri. Amma, 'yan'uwa, ku je da sassafe ko da yamma, ku kashe hasken kyamara, ku yi shiru, ku jira. Mai haƙuri yakan dafa dutse.

Ranar nan mun zauna kamar rabin awa. Daga bisani zakin ya ɗaga kai don kansa, ya yi hamma, ya dube mu. Na ɗauka, har da ragar ƙarfen a ciki. Hoton yana nan a wurina, in na nuna wa mutane kuma nakan gaya musu a keji yake.