Nasiha ga Jama'ar Ƙasar Daura a kan Azumin Kwana Arba'in

Ya ku 'yan'uwa mabiya ɗariƙar Katolika da ke zaune a birnin Daura da Zango da Baure da Sandamu da Mai'aduwa, waɗanda aka yanke wa cibiya a nan da waɗanda fatauci ko aikin gwamnati ya kawo, tare da ku maƙwabtanmu Musulmi da muke cin kasuwa ɗaya, ina roƙon aron kunnuwanku a kan wata ibada wadda shekara ba ta ƙarewa sai ta zo, amma sau da yawa takan wuce ba ta bar alama a halayenmu ba, watau azumin kwana arba'in da ke somawa ranar Larabar Toka, ya kai mu ga Ista, idin tashin Yesu Almasihu daga matattu.

Abin da Ikilisiya ta wajabta a wannan lokaci kaɗan ne ƙwarai. Tun shekarar 1966, da Paparoma Bulus na Shida ya sassauta hukuncin, azumin farilla kwana biyu ne rak, Larabar Toka da Juma'ar da aka gicciye Almasihu, a yanzu kuwa yana kan wanda ya cika shekara 18 har ya shiga ta 60, ya ci abinci cikakke sau ɗaya, ba a kuma hana shi ruwa ba. Sai kaurace wa nama kowace Juma'a ga wanda ya kai shekara 14. To, mu da muke zaune tsakanin mutanen da suke kame baki wata guda cur, daga ketowar alfijir zuwa faɗuwar rana, ko da a tsakiyar zafin bazarar Daura ne, kamar yadda muka gani a 2025 da azuminsu da namu suka kama cikin 'yan kwanaki kaɗan da juna, sai ka tarar waɗansunmu kunya ta kama su, suna ganin nasu bai kai a kira shi azumi ba, waɗansu kuwa sun ɗauki sassaucin a matsayin izinin yin sakaci. Duka biyun sun kauce wa maƙasudi, domin an rage farillar ne don a ɗora wa kowane baligi amanar binciken nafsinsa, ya san abin da ya mallake shi, ya yi mujahada da shi. Ina wahalar barin nama ga talakan da nama ba ya shiga tukunyarsa sai ranar idi? Nasa azumin yana wani wurin: wataƙila a harshensa, wataƙila a kwalbar giya, wataƙila a gabar da ya riƙe da ɗan'uwansa a kan iyakar gona.

A nan ne nake so in daɗe, domin a nan muka fi gazawa. Magabata na farko, har da Paparoma Liyo Babba wanda ya rasu a shekarar 461, sun karantar da cewa abin da mai azumi ya hana cikinsa haƙƙin matalauci ne, Annabi Ishaya kuwa, a sura ta 58, ya yi tir da azumin mutumin da ke sunkuyar da kai alhali yana danne ma'aikatansa. Ku duba lokacin da wannan ibada take faɗowa a ƙasarmu: kaka ta yi nisa, damina ba ta ƙaraso ba, gero ya ja baya a rumbu, tsadar awo ta fara cizo, ga kuma bayin Allah da 'yan bindiga suka raba da gidajensu a wajajen Batsari da Jibiya da Safana, mata da marayu, suna raɓe a garuruwan da ba nasu ba. Wanda ya rage cefanensa a waɗannan makonni, sa'an nan ya ƙulle rarar a aljihu domin ɗinkin Ista, tsimi ya yi, kada ya kira shi ibada. A auna abin da aka rage, mudu ko rabin mudu, a kai shi ƙofar da ake bukata, ba tare da an tambayi mai gidan inda yake salla ba. Ɗan kasuwa ya cika mudunsa, ya bar algus. Mai bin bashi ya yi wa wanda ya rasa jinkiri. Mai ɗaukar 'yar aiki ya biya ta ladanta a kan kari.

Sai kuma a yi hattara da riya. Tokar da Fada yake shafa mana a goshi, wadda aka samo daga ganyen dabinon bara da aka ƙone, tunatarwa ce ta mutuwa da tuba, a ranar kuma ake karanta mana sura ta 6 ta Linjilar Matta, inda aka hore mu da ɓoye sadaka da addu'a da azumi daga idon mutane.

Tun 2023 aka yanke mana dayosis ɗin Katsina daga ta Sakkwato, aka naɗa ɗan ƙasa, Bishop Gerald Mamman Musa, mutumin Malumfashi, saboda haka uzurin cewa addinin nan baƙo ne, ko shugabanninsa suna nesa, ya faɗi. Ku iyaye, ku kama hannun 'ya'yanku ku kai su Hanyar Gicciye ranar Juma'a, ku bayyana musu matsayai goma sha huɗun nan da Hausar da suke ji. Ku 'yan Zumuntar Mata, ku duba gwauraye da majinyata na unguwanninku. Wanda kuma ya daɗe bai durƙusa gaban Fada ya furta zunubansa ba, kada ya jira Mako Mai Tsarki, lokacin da layi yake tsawo, ya je tun makon farko, bayan ya biya ta gidan wanda ya zalunta ya mayar masa da haƙƙinsa.